Walda Aikin Ido Ce Kafin Ta Zama Aikin Hannu

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta manyan titunan Kano ko Kaduna ko Maraɗi da hantsi, da wuya ya yi tafiya mai nisa bai ci karo da walƙiyar walda ba. Ƙofofin gidaje da tagogi, gadaje da kujerun makaranta, baro da amalanke, hasumiyar tankin ruwa da injin markaɗe, duk da walda aka haɗa su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami ɗalibin sakandare da ya tsaya kallon mai walda har sha'awar aikin ta kama shi. A da, injin walda abu ne mai nauyi wanda sai ƙarti biyu ko uku sun ciccibe shi. Yanzu kuwa akwai ƙananan injina da yaro zai iya ratayawa a kafaɗa, kuma wannan ya sa matasa da dama, har da malamai da ma'aikatan ofis, suna koyon walda a gida ranakun hutu, don sha'awa ko don gyaran kayan gida.

Sai dai ranar farko ba ta da daɗi. Mai koyo zai ɗora sanda a kan ƙarfe, ta manne ta ƙi fita, injin ya yi ta gurnani. In ya fizge ta, wutar ta mutu. In ya yi sa'a wutar ta kama, abin da zai bari a kan ƙarfen bai wuce guda-guda kamar kashin awaki ba, in kuma ƙarfen siriri ne, ya huda shi. A nan ne yawancin masu koyo kan yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko dai injin ne ba shi da kyau, ko kuma su ne Allah bai ba hannun walda ba. Wasu su jingine aikin, wasu su shiga neman kuɗin babban inji.

Dukkan hukuncin biyu kuskure ne. Abin da ya raba gwanin walda da ɗan koyo shi ne, gwani yana ganin abin da ke faruwa a bakin sandarsa, ya kuma san abin da zai sauya idan aikin ya soma karkacewa. Wato walda gwajin kimiyya ce wadda ake yi da ido da lissafi, hannu kuma ya biyo baya. Mai koyon da ya ɗauke ta haka zai fi saurin ci gaba, zai tsira da idonsa, kuma abin da ya haɗa ba zai faɗo a kan wani ba.

Me Ke Faruwa a Bakin Sanda?

Wutar lantarkin da ke shiga gidaje a Nijeriya da Nijar tana da matsin bolt 220 zuwa 230. Aikin injin walda shi ne ya rage wannan matsi, ya ƙara yawan lantarkin da ke kwarara. Kafin a kunna wuta, matsin da ke bakin sanda yakan kasance tsakanin bolt 50 zuwa 80, da zarar aiki ya kankama sai ya sauka zuwa bolt 20 zuwa 30, kwararar kuma ta kai amfiya 100 ko fiye. Wannan shi ne aikin taransifoma wanda kowane ɗalibin fiziks ya karanta, kuma tushensa yana cikin binciken da Michael Faraday ya yi a Ingila a shekarar 1831.

Wayoyi biyu ke fitowa daga injin. Ɗaya tana zuwa mariƙin sanda, ɗayar kuma ana maƙala ta a jikin ƙarfen da za a yi wa aiki. Idan aka ƙyasta sanda a kan ƙarfen kamar ashana, aka ɗaga ta kaɗan, sai iskar da ke cikin ɗan gibin ta yi zafin da lantarki zai iya ratsa ta. Wannan wuta da ta tsaya tsakanin sanda da ƙarfe ita za a kira harshen lantarki. Zafinta ya haura digiri 3,500 a ma'aunin Salshiyos, alhali baƙin ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500. Don haka nan take bakin sandar da fuskar ƙarfen su narke tare, su yi ɗan kududdufi na ruwan ƙarfe. Yayin da sanda ke tafiya gaba, kududdufin na daskarewa a bayanta, ya bar layin da ya haɗa ƙarfen biyu, wato ɗinkin walda.

Babban abokin gabar wannan kududdufi shi ne iskar da ake shaƙa. Kashi 78 cikin ɗari nata naitarojin ne, kashi 21 kuma oksijin, kuma narkakken ƙarfe yana zuƙar su duka biyu. In ya zuƙe su, sai ya daskare da ƙananan ramuka a cikinsa, ya zama mai saurin karyewa. Wannan ita ce matsalar da ta addabi magabatan wannan fasaha. A shekarar 1888 wani injiniya ɗan Rasha, Nikolai Slavyanov, ya yi walda da sandar ƙarfe tsirara, amma ɗinkin sanda tsirara bai da tabbas a inda ake bukatar ƙarfi. Sai a shekarar 1907 Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin, wanda ke fama da gyaran tukwanen tururi na jiragen ruwa, ya fito da dabarar shafe sandar da wani gari.

Wannan rufi mai launin toka da ake gani a jikin kowace sandar walda ayyuka uku yake yi. Yana ƙonewa ya fitar da iskar da ke korar oksijin da naitarojin daga kududdufin. Yana narkewa ya tattara dauɗa, ya taso sama ya lulluɓe ɗinkin har ya huce, wato ɓawon da ake ɓamɓarewa da guduma bayan an gama, ɗan'uwan abin da Hausawa suka daɗe suna kira kashin maƙera. Yana kuma taimaka wa harshen lantarki ya tsaya daram. Wanda ya fahimci wannan ba sai an gaya masa dalilin da ya sa sandar da ta sha danshi ko wadda rufinta ya farfashe ba ta ɗinki mai kyau ba.

Wanda Bai Ga Kududdufi Ba, Bai Soma Walda Ba

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a bakin titi, wato yin walda da baƙin tabarau na kwalliya, ko ma a kawar da kai a runtse ido, a ɗosa sanda a ɗaga, a sake ɗosawa. Mai koyo da ya ga manya suna haka sai ya ɗauka alamar ƙwarewa ce. A gaskiya asara biyu ce a lokaci guda.

Asara ta farko a kan aikin take. Tabarau ba ya rage hasken walda yadda ido zai iya bambance komai, abin da mutum zai gani farin haske ne kawai. Gilashin garkuwar fuska kuwa an yi shi ne musamman, kuma yana da lamba. Ga aikin da bai wuce amfiya 150 ba, lamba 10 ko 11 ta wadatar. Ta cikinsa ne mai walda zai ga kududdufin da kansa: faɗinsa, yadda yake cin gefen ƙarfen biyu, da yadda ɓawon ke malala a bayansa. Duk shawarar da mai walda zai yanke, ko ya ƙara sauri ko ya rage, ko ya kusanto da sanda ko ya gyara kwanciyarta, daga wannan kududdufi yake karanto ta. Kuskuren da ya fi yawa ga wanda ya soma sa garkuwa shi ne ya ƙura wa hasken ido, domin shi ya fi jan hankali. Abin dubawa yana bayan hasken kaɗan, inda ruwan ƙarfen ke daskarewa.

Asara ta biyu a kan idon take. Harshen lantarki yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altarabayolet, irin wanda ke cikin hasken rana amma kusa-kusa kuma da yawa. Yana ƙona tantanin da ya rufe baƙin ido. Mugun abin shi ne ba a jin zafin nan take, sai bayan sa'o'i, yawanci cikin dare, mutum ya farka ido ya yi jawur yana zubar da hawaye kamar an watsa masa yashi. Ciwon yakan lafa cikin kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ake raina shi, amma maimaita shi shekara da shekaru yana lahanta ido. A shekarar 2017, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hayaƙin walda da wannan haske na walda cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Wanda wannan ciwon ido ya same shi, kada ya ɗiga madara ko ruwan sikari ko wani abin da aka ce masa yana magani, asibiti ya kamata ya nufa. Haka kuma hasken ba ya tambayar wa ke riƙe da sanda. Ƙannen da suka zagaye mai koyo suna kallo, haƙƙinsu yana wuyansa.

Saboda haka kuɗin farko da mai koyo zai kashe bayan inji, a kan garkuwar fuska ya kamata ya kashe shi. Kayan kariya ce, kuma kayan aiki ce kamar yadda madubin ƙara girma yake ga mai nazarin ƙwayoyin cuta.

Abubuwa Biyar da Ke Hannun Mai Walda

Idan ido ya buɗe, sai a koma ga abin da za a iya sauyawa. Abubuwan ba su da yawa.

Na farko, yawan lantarki. Kowace sanda da nata. Sanda mai kaurin milimita 2.5, wadda 'yan kasuwa ke kira geji 12, tana aiki tsakanin amfiya 60 zuwa 100. Mai milimita 3.2, wato geji 10, tana son amfiya 90 zuwa 130. Kamfanonin da ke yin sanda sukan rubuta wannan a jikin kwalin, amma kaɗan ne ke karantawa. In lantarki ya yi ƙasa, sanda za ta riƙa mannewa, ɗinkin ya yi tudu a kan ƙarfen bai shige shi ba. In ya yi yawa, tartsatsi zai yawaita, sandar ta yi ja tun ba a kai rabinta ba, gefen ɗinkin kuma ya zaizaye ya bar kwari.

Na biyu, tazarar da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe. Ƙa'idar ita ce kada ta wuce kaurin ƙarfen da ke cikin sandar, wato milimita 2 zuwa 3. Tsoron mannewa kan sa mai koyo ya ɗaga sanda da yawa, daga nan iska ta sami hanyar shiga, ɗinkin ya cika da ramuka. Wahalar a nan ita ce sandar tana ƙarewa yayin da ake aiki, don haka hannu yana tafiya biyu a lokaci guda, yana ja gefe, yana kuma sauka ƙasa. Kunne yana taimaka wa ido a nan: tazara daidai tana ba da ƙara mai ɗorewa kamar ta suyar ƙosai, doguwar tazara kuwa sai a ji huci da fashe-fashe.

Na uku, kwanciyar sanda. A kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ana tsayar da ita a kuma karkata kanta digiri 10 zuwa 15 wajen da aka nufa, a riƙa jan ta kamar mai jan layi da alli. Hikimar ita ce ƙarfin wutar ya riƙa tura ɓawon baya. In ɓawon ya tsere gaban sanda, ruwan ƙarfe zai binne shi, ya zama ɓoyayyen rauni a cikin ɗinkin.

Na huɗu, saurin tafiya. A nan ɗalibin fiziks zai ga amfanin abin da aka koya masa. Idan injin yana ba da bolt 25 da amfiya 100, ƙarfin wutar shi ne 25 sau 100, wato wat 2,500, ma'ana jul 2,500 a kowace daƙiƙa. In sanda tana tafiyar milimita 2.5 a daƙiƙa, kowace milimita ta ɗinkin ta sami rabon jul 1,000, duk da cewa wani kaso yakan salwanta a iska. In aka ninka saurin, rabon ya koma jul 500. In aka rage shi da rabi, ya zama jul 2,000. Ke nan mai walda yana iya ninka zafin da ke shiga ƙarfe ba tare da ya taɓa injin ba. Mai gaggawa zai bar siririn ɗinki da bai kama ba, mai nawa kuma ya huda ƙarfen.

Na biyar, shiri. Tsatsa da fenti da mai da danshi duk guba ne ga kududdufi. A kankare wurin da za a yi wa walda har ƙarfen ya yi ƙyalli, a kankare inda za a maƙala waya ta biyu, a ajiye sanduna inda raɓa da danshin damina ba za su same su ba. Yana kuma da kyau mai koyo ya san abin da lambar jikin sandarsa ke nufi. A E6013, wadda ta fi yawa a kasuwa, 60 na nufin ɗinkin zai jure jan da ya kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, 1 na nufin ana iya aiki da ita a kwance ko a tsaye ko a sama da kai, 3 kuma tana nuna irin rufinta. Ita ta fi dacewa da mai koyo domin tana da saurin kamawa. E7018 ta fi ta ƙarfi, amma ba ta yafe danshi ko kaɗan.

Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Sanin waɗannan abubuwa biyar a ka bai isa ba. Tambayar ita ce, ta yaya za a mayar da su ƙwarewa? Amsar ita ce hanyar da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje: a sauya abu ɗaya, a bar sauran yadda suke, a duba sakamako, a rubuta.

Mai koyo ya nemi guntun farantin ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6. Kuskure ne a soma da siririn bututun da ake yin taga da shi, domin shi ya fi komai saurin hujewa, har gwanaye suna kaffa-kaffa da shi. A kan farantin, ya ja layi na farko da amfiya 70, na biyu da 85, na uku da 100, duk da sanda iri ɗaya da sauri ɗaya. Ya ɓamɓare ɓawon, ya goge da buroshin waya, ya rubuta lamba da alli a gefen kowane layi, ya shigar da abin da ya gani a littafi. Washegari ya tsayar da lantarki a inda ya fi kyau, ya sauya tazara kaɗai. Jibi ya sauya sauri kaɗai. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko da aikin ya yi kyau, bai san wanne ya gyara shi ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba. Ya kuma zauna ko ya jingina gwiwar hannunsa da wani abu, ya tallafi hannun da ke riƙe da sanda da ɗayan, domin rawar hannu yawancinta daga rashin madogara take.

Bayan wannan sai gwaji mafi muhimmanci, wanda kuma masu koyo suka fi gudu, wato karya abin da aka haɗa. A ɗauki guntaye biyu, a tsayar da ɗaya a kan ɗayan kamar harafin T, a yi walda a gefe guda kawai. In ya huce, a sa guduma a kwantar da na tsayen ta wajen ɗinkin har ya ɓalle, sannan a duba inda ya karye. In aka ga ramuka kamar na soso, iska ce ta shiga. In aka ga baƙin ɓawo a ciki, kwanciyar sanda ce ko rashin gogewa. In kuwa aka ga gefen ƙarfen yana nan sumul kamar yadda aka yanko shi, to wutar ba ta taɓa shi ba, ɗinkin ya zauna a kansa ne kawai kamar kakin zuma. Sau da yawa ɗinkin da ya fi kyan gani shi ke ba da kunya a wannan gwaji, kyan ɗan maciji ke nan. Fenti da gurza suna ɓoye kowane irin aibi, guduma kuwa ba ta san kara ba.

Wani darasin da gwaji zai koyar shi ne dalilin da ya sa firam ɗin da aka auna daidai yake karkacewa bayan walda. Baƙin ƙarfe mai tsawon mita 1 yana ƙaruwa da kimanin milimita 6 idan zafinsa ya hau da digiri 500, in ya huce kuma ya tsuke ya jawo abin da ke maƙale da shi. Maganin shi ne a fara ɗaure kusurwoyi da ƙananan ɗigo, a sake aunawa, sannan a yi ɗinkin guntu-guntu ana sauya gefe.

Hanzarin Masu Ganin Ba Haka Ba

Wani zai ce, ai masu waldar bakin titi ba su riƙe littafi ba, ba su san jul ba, ga shi kuma ƙofofin da suka yi shekara ashirin suna tsaye. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma bai dace ɗalibi ya raina su ba. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga injinan da ake ƙerawa daga tarkacen ƙarfe, zai san akwai basira a wurin. Ido ba mudu ba, ya san kima. Sai dai gwanayen cikinsu ma ta hanyar gwaji suka ƙware, illa dai gwajin ya ɗauki shekaru masu yawa, ba a rubuta shi ba, kuma wasunsu da lafiyar idonsu suka biya. Abin da ya dace da mai koyo shi ne ya je wurin irin wannan gwani da ladabi, ya tsaya bayansa da tasa garkuwar, ya kalli kududdufin gwanin maimakon hannunsa, ya yi tambaya. Ya ɗauki ƙwarewar, ya bar tabarau.

Wani kuma zai ce, ai abin sha'awa ce kawai, me ya kawo wannan tsanani? Amsar ita ce ƙarfe bai san niyyar wanda ya haɗa shi ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 nauyin ruwansa kaɗai tan guda ne, kuma ƙarƙashin hasumiyarsa yara ke wasa. Tarihi ma ya nuna abin da ɗan ƙaramin ɗinki ke iya jawowa. Ranar 27 ga Maris, 1980, wani dandamalin kwanan ma'aikatan haƙar mai mai suna Alexander L. Kielland ya kife a tekun da ke tsakanin Norwe da Birtaniya. Daga cikin mutum 212 da ke kai, 123 suka rasu. Bincike ya gano cewa tsagewar ta samo asali ne daga wani ɗinkin walda mai kaurin milimita 6 kacal, wanda aka yi don maƙala wata ƙaramar na'ura a jikin ɗaya daga cikin tokaran dandamalin. Ba a ɗauki wannan ɗinki da muhimmanci ba, tsagar ta yi ta ci a hankali har tokaren ya ɓalle, ƙafa guda ta fita.

Darasin ga mai koyo shi ne ya san iyakarsa. Ya yi teburi, ya yi mazaunin tukunya, ya gyara baro. Amma duk abin da rai zai dogara da shi, kamar hasumiyar tanki, ko tsani, ko sitiyari da ƙafar mota, ko mahaɗin tirela, ya bar wa ƙwararru. Akwai kuma abin da ba ya cikin koyo ko kaɗan: kusantar da wuta ga durom ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur. Wanda ake ganin babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin tururin man da ya gauraya da iska shi ke fashewa. Ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin na bututun ruwa, yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, domin tutiya tana tafasa a digiri 907, tun baƙin ƙarfe bai narke ba. A yi aiki inda iska ke kaɗawa, a sa safar hannu ta fata da tufafin auduga da rufaffen takalmi, kada kuma a tsaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin bolt 80 yana iya kisa idan jiki ya jiƙe da ruwa ko gumi.

Kira ga Malamai

Tun lokacin da aka soma aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a Nijeriya a shekarar 1982 ake ta maganar haɗa karatu da aikin hannu, amma har yau ɗalibai da yawa suna ganin fiziks a allo yake zaune, walda kuma aikin wanda karatu ya gagara ce. Malami yana iya rushe wannan katanga ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Taransifoma, dokar Ohm, zafin da lantarki ke haifarwa, faɗaɗar ƙarfe, haɗuwar ƙarfe da oksijin, dukkansu suna cikin manhaja, kuma dukkansu suna cikin ɗinkin walda guda. Malamin da ya shigo aji da guntaye biyu da aka karya, ɗaya mai kyau ɗaya mai ramuka, ya ce ɗalibai su faɗi dalili, ya koyar da abin da shafi goma na rubutu ba zai koyar ba. In za a kai ɗalibai wurin mai walda, kada a bar kowa ya kalli wutar sai da garkuwa a fuskarsa.

Kada kuma a ware 'yan mata daga wannan darasi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, dubban mata ne suka riƙe sandar walda a wuraren ƙera jiragen ruwa na Amurka. Aikin natsuwa da lura yake bukata fiye da ƙarfin damtse. Wanda sha'awarsa ta ɗore, hanya a buɗe take: akwai kwalejojin fasaha da jarrabawar hukumar NABTEB, akwai kuma manyan ayyuka irin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano wanda aka ƙaddamar da aikinsa a shekarar 2020. A irin wannan aiki ba a karɓar mai walda sai an yanka ɗinkinsa an lanƙwasa, ko an haska cikinsa da na'ura. Wato gwajin gudumar nan da mai koyo ke yi a tsakar gida, shi ne dai ake yi a can da kayan zamani.

Kammalawa

Mai koyon walda ba ya bukatar babban inji ko wata baiwa ta musamman kafin ya ci gaba. Yana bukatar garkuwar da zai ga kududdufi da ita, da guntun ƙarfe mai kauri, da littafin rubutu, da guduma, da kuma zuciyar da za ta yarda ta karya abin da hannunta ya yi don ta ga cikinsa. Kowace sanda da aka ƙona ana kallo ana rubutawa darasi ce, wadda aka ƙona ido a rufe kuwa hayaƙi kawai ta bari. Ɗalibin da ya saba da tambayar me ya sa wannan ya karye, ya kuma saba da neman amsar ta hanyar sauya abu ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya kama hanyar masana kimiyya, ko ya zama mai walda ko likita ko injiniya.